Yadda Ake Gina Labarin Bincike a Kan Yanayin Zariya

Masu kafa labari a Zariya sukan buɗe da ganuwa, da Sarauniya Amina, da dutsen Kufena, su cika shafi da kirarin gari, sannan su shiga wani labari wanda ko Fatakwal aka kai shi babu abin da zai sauya. Wannan jagora na mai son akasin haka ne. Ina magana a kan labarin bincike, inda ake aikata abu a ɓoye, wani ya bi diddigi har gaskiya ta yi halinta, amma irin wanda in ka zare Zariya daga cikinsa ba zai tsaya ba. Ƙa'idata guda ce: duk abin da ka ɗauko daga gari, hazo ne ko lungu ko kiran salla, sai ya yi aiki. Ko ya ɓoye wani abu, ko ya tona shi, ko ya ɓata wa mai bincike lokaci. Wanda bai yi ko ɗaya ba ado ne, kuma irin wannan labari ba ya ɗaukar ado da yawa.

Garin ya cancanci wannan hidima. A nan aka shirya gasar ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, a nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, a Tukur-Tukur kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Garin da ya raini rubutun zube na Hausa, kamata ya yi a ce lungunansa sun cika labaranmu.

Mataki na 1: Tsayar da wace Zariya kake nufi, da kuma wace shekara

Zariya garuruwa ne da yawa a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma wannan shi ne babban jarinka. Akwai birni cikin ganuwa, da fada, da tsofaffin unguwanni irin su Kwarbai da Juma da Kaura da Limancin Kona, inda ake sanin mutum har kakansa. Akwai Tudun Wada, wadda a tsarin Turawa aka ware wa baƙi 'yan Arewa. Ka ƙetare kogin Kubanni ka shiga Sabon Gari, wanda jirgin ƙasa ya haifa bayan isowar dogo wajen 1911, ya tara ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina. Can gaba ga Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, garin da jama'arsa ke sauyawa duk zangon karatu. Ga Wusasa da tsohon cocinta na ginin ƙasa da Hausawanta Kirista. Ga barikin horar da kuratan soja.

Amfanin wannan ga mai rubutu shi ne mutum guda yana iya zama mutum biyu ba tare da ya bar gari ba. Dattijon da ba ya iya tari a Kwarbai ba a ji ba, in ya sauka a kasuwar Sabon Gari ba kowa ba ne. Saboda haka ka sa abin ya faru a wani ɓangare, dalilinsa kuma ya kasance a binne a wani. Ɓangarori biyu sun isa. Wanda ya ce sai ya zagaya da mai karatu ko'ina, yawon buɗe ido zai rubuta.

Sannan ka tsayar da shekara, domin gari yana motsi. Kafin 2001 babu wayar hannu, saƙo sai an aiki yaro. Kafin 2005 asibitin koyarwa yana Tudun Wada, bai koma Shika ba. Ƙaramin jirgin ƙasan da ke zuwa Jos daga Zariya ya daina aiki a 1957. Kuskure ɗaya a irin wannan ya isa Bazazzagi ya ajiye littafinka.

Mataki na 2: Taka garin da ƙafa

Ka ɗauki ƙaramin littafi ka bi hanyar da kake son mutanen labarinka su bi, da asuba, da rana tsaka, da bayan isha'i. Ba kyau kake nema ba. Abin da kake nema shi ne wa ke ganin wa. Ina mai shayi yake kafa teburinsa, kuma ƙofar wane gida yake fuskanta? Wace majalisa ce ke kan dakali, yaushe take watsewa? Wane lungu ne ke ɓullewa, wanne ne ke mutuwa a bakin kududdufi? Ina babur ke shiga, ina dole a sauka? Ka auna tafiyar da agogo: daga Ƙofar Doka zuwa Kwangila a acaɓa, daga Ƙofar Gayan zuwa fada a ƙafa. Wanda ake zargi zai ce yana wuri kaza a lokaci kaza, kuma kai ne za ka san ko hanya za ta yarda.

Ka kuma saurara. Ginin ƙasa mai kaurin bango yana haɗiye magana, rufin kwano yana fallasa ta. A wajen Palladan da Samaru akwai kukan ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama. In wani ya rantse daga cikin birni ya buga waya, alhali wanda ya amsa ya ji jirgi yana sauka a bayan muryarsa, ka ga gari ya ba da shaida da kansa.

Mataki na 3: Zaɓi lokacin shekara

Guda ɗaya za ka zaɓa, ka riƙe shi.

Hunturu ne abokin mai ɓoyewa. Hazo yana rage gani, mutane suna naɗe fuska da rawani da mayafi, ana shiga ɗaki da wuri, don haka shaida zai ce ya ga mutum amma ba zai iya cewa wane ne ba. Sai dai ƙurar da ta rufe fuska ita ce kuma ke tona asiri, domin tana sauka a kan komai daidai wa daida. Abin da aka taɓa shekaranjiya ba zai yi kaurin ƙurar abin da aka bari tun watan jiya ba.

Damina, musamman markar Agusta, tana rusa katangar ƙasa, abin da aka binne a jikinta ya fito. Laka tana riƙe sawu, kududdufai suna cika su rufe gajerun hanyoyi. Bazara kuwa tana fitar da kowa waje: ana kwana a tsakar gida da ƙofar gida, ba wanda zai gifta da dare ba a gan shi ba. A lokacin ne kuma ƙarancin ruwa ke sa mai ruwa ya zama mutumin da ya fi kowa sanin gidajen unguwa.

Mataki na 4: Samo ɓarnar da ta dace da garin

Ba dole sai kisa ba. A garin da ake ji da ilimi da asali, abin da mutum zai yi ƙarya a kansa shi ne takarda, da gado, da nasaba, da mutunci. Bari in kafa misalin da za mu bi har ƙarshe, ƙirƙirarre ne gaba ɗaya.

Wani malami mai almajirai a cikin birni ya rasu da asuba a tsakiyar hunturu. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Bayan sadakar bakwai aka buɗe littattafansa don lissafin gado, sai jikarsa, ɗalibar shari'a a reshen Jami'ar Ahmadu Bello da ke unguwar Kongo, ta lura warƙa ɗaya ta ɓace daga wani tsohon kundi. Yaya ta gane? Irin waɗannan littattafai ba a ɗinke suke ba, warƙoƙi ne a cikin gafaka, kuma marubuta kan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta. Ta karanta kalmar ƙasa, ta juya, ba ta dace ba. Kowa ya san Malam yakan rubuta bashi da amana da haihuwa da ajami a gefen wannan kundi.

Ka lura da abin da al'ada ta yi maka a nan. Ana binne mamaci a ranar, don haka labarinka ba zai jingina da likita mai binciken gawa ba. In akwai abin gani a jiki, mai wanka ne ya gani, shi kuwa an hore shi da rufa asirin mamaci. Al'ada ta kuma ba ka agogo: uku, bakwai, arba'in, ranar rabon gado, da takaba ta wata 4 da kwana 10 wadda ke tsare matar mamaci a gida. Ka san hukuncin gado sosai kafin ka taɓa shi. Mata suna da tumuni in akwai 'ya'ya, wasiyya ba ta wuce sulusi, ba a yi wa magaji wasiyya, ɗan riƙo kuma ba ya gado. Wannan na ƙarshe ka riƙe shi, za mu dawo kansa.

Mataki na 5: Zaɓi mai bincike ta hanyar duba ƙofofi

Kada ka fara da tambayar wa ya fi wayo. Ka tambayi wa ake bari ya shiga. Gidan birni yana da zaure, a jikin wani ma an rubuta “ba shiga”, kuma namiji baligi baƙo a nan yake tsayawa ko da kaki a jikinsa. Ɗan sanda daga caji ofis zai samu tabarma da ruwan sha da gaisuwa mai kyau, ya tashi hannu wofi. Masu ratsa gida har ƙurya su ne dillaliya, da mai kitso, da ungozoma, da yara masu talla, da ƙaramin almajirin da ake aike. A ɗaya gefen kuma mace ba za ta zauna a majalisar dattawa ko sahun gaba a masallaci ba.

Shi ya sa na fi son mutum biyu. A misalinmu jikar tana da cikin gida, wani gardi daga almajiran Malam yana da zaure da masallaci da kasuwa. Kowannensu rabin gari yake gani, kuma ba kullum suke yarda da juna ba. Na zaɓi jika ne da gangan: tsakanin jika da kaka akwai wasa, tana iya jefa tambayar da ɗa ba zai iya ɗaga kai ya yi ba, in abin ya yi zafi a ce ai wasa ne.

Mataki na 6: Koyi rubuta shiru

Nan ne aikin yake, kuma nan na fi son ka daɗe.

A labaran manyan biranen waje, matsalar mai bincike ita ce ba wanda ya gani, kowa harkarsa yake yi. A cikin birnin Zariya matsalar a juye take. An gani. Wataƙila rabin unguwa sun sani tun shekaru talatin. Amma akwai kunya, akwai kara, akwai zumunci da auratayya da suka ɗaure gidaje, akwai kuma imanin cewa wanda ya rufa asirin wani Allah zai rufa nasa. Mutanen da ke hana mai bincike gaskiya ba mugaye ba ne, yawancinsu mutanen kirki ne da ke ganin shirunsu ibada ce. In ka rubuta su a matsayin maƙaryata ka zalunce su, ka kuma ɓata labarinka. Wannan shirun shi ne ainihin yanayin garin, ya fi hazo kauri.

To yaya ake rubuta shi? Da farko, kada kowa ya amsa tambaya kai tsaye. A gaisa tukuna, a tambayi gida da sanyi da haƙuri. Sannan amsa ta zo a karkace. Ga jikar a gaban aminin kakanta:

“Allah gafarta Malam, na ga kamar warƙa ɗaya ba ta cikin kundin nan.”

Tsohon ya ɗan ja carbi. “Karatu dai yana kyau? An ce alƙali za ki zama.”

“Da addu'arku, Baba. Warƙar nake cewa.”

“Allah ya jiƙan kakanki, bai taɓa cin amana ba. Ke kuma yarinya, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ki gaishe da Iya.”

Bai faɗi komai ba, amma ya faɗi abu uku: akwai amana, ya san da ita, kuma ya nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa, wato ta Iya, uwargidan Malam. Kowace hira a labarinka ka auna ta haka. Me aka ƙi faɗa, kuma me ƙin faɗar ya bayyana?

Na biyu, ka sa ido kan wanda ya sauya hali. Wanda kullum yake zaman zaure ya daina. Wadda ta saba aiko da ƙosai ta tsallake gida ɗaya. Gurbin da aka gani a sahun asuba. A unguwar da liman ya san wanda ke tsayawa bayansa, rashin mutum a sahu magana ce, kuma lokutan salla sun fi agogon hannu amfani wajen tsara wa ke ina. Mutanenmu ba sa cewa ƙarfe biyar da kwata, cewa suke ana idar da la'asar.

Na uku, ka bar mai binciken ta ji nauyin abin da take yi. 'Yar gida ce. Duk tambayar da ta yi tana taɓa wanda ya goya ta. In ba ta taɓa tsayawa ta tambayi kanta ko ya kamata ta ci gaba ba, to ba a Zariya take ba.

Mataki na 7: Shuka alamu, ka yi wa mai karatu adalci

Duk abin da mai bincike za ta dogara da shi a ƙarshe, sai mai karatu ya riga ya gan shi, sai dai a lokacin ya ɗauka bayanin gari ne kawai. Wannan ita ce dabarar gaba ɗaya: ka ɓoye alama a cikin yanayi.

A babin farko ka nuna gafakokin Malam jere a zaure, ƙura ta yi musu fari, guda ɗaya tata ba ta yi kauri ba. Mai karatu zai ce hunturu ake siffantawa. Daga baya gardi zai tuna cewa da jikin Malam ya tsananta an aiko a shigar da wannan gafaka turaka, kwana biyu aka mayar. Ke nan a cikin gida aka zare warƙar, ba a zaure ba, kuma duk mazan da ake zargi sun fita.

Babbar alamar kuwa tun shafin farko take yawo. Mace Bahaushiya ta da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, tana kunyarsa, ba ta sakewa da shi a gaban mutane. Amma Iya, uwargidan Malam, tana kiran babban ɗan gidan da sunansa gatsal, tana zuba masa abinci da hannunta, tana yi masa faɗa a bainar jama'a. Mai karatu zai ga uwa mai son ɗanta. Sai a ƙarshe zai gane cewa haka ake yi wa ɗan riƙo. Warƙar da ta ɓace ita ce inda Malam ya rubuta cewa yaron ɗan wani ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya rasu a Sabon Gari, aka ba shi amanarsa tare da wata gona a fadamar Galma. Gonar tasa ce, amma ba ya cikin magada. Iya, wadda ta yi karatu a gidan ubanta kamar yawancin matan gidajen malamai, ta karanta, ta zare, don kada a wayi gari a ce wa wanda ta raina ba ɗan gida ba ne.

Harshe ma alama ne. Zazzaganci ba ya cika bambanta jinsi kamar Kananci, za ka ji “mota ne” ko “rigan Malam”. Wasiƙar da aka ce baƙo daga Kano ya rubuta, amma aka ga irin wannan a cikinta, ta faɗi inda marubucinta ya tashi. Haka ɗinkin hannu na babbar riga, wanda Zariya ta yi suna da shi: maɗinka suna gane hannun juna a jikin adon rigar da ake kira aska.

Kana bukatar sawun ɓata hanya, garin kuma ya tanadar maka biyu. Na farko baƙo: in abu ya ɓace, ɗalibin da ke zuwa daga Samaru yana ɗaukar hoton tsofaffin littattafai shi za a fara kallo. Na biyu iskoki: akwai tsofaffin rimaye da kangwaye da ake shakkar giftawa da dare, wani zai ce ba mutum ne ya ɗauka ba. Ka bar mutanen labarinka su gaskata hakan ba tare da ka yi musu dariya ba, amma warwarar ta fito daga hannun ɗan Adam. In aljani ne ya ɗauke warƙar, ka yaudari wanda ya bi ka shafi ɗari yana lissafi.

Mataki na 8: Tarihi kaɗan, mutanen gaske da hattara

Tarihin Zazzau yana da zaƙi, shi ya sa yake cinye labari. Ficewar Sarki Makau bayan jihadi, da kafa Abuja ta asali wadda yau ake kira Suleja, da gidajen sarauta huɗu na Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, da masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, duk suna nan. Ka ɗauki wanda ya taɓa mutanen labarinka kawai, ka sa shi a bakin wani da ke da dalilin faɗarsa.

Kada ka jingina laifi ga gidan sarauta na gaske, ko malami sananne, ko zuri'ar da za a iya nunawa da yatsa. Ambaci unguwa, ka ƙirƙiri lungu da gida. Abubuwan da suka ci rayuka a garin kuma, irin arangamar sojoji da 'yan Shi'a ta Disambar 2015 ko ruftawar wani sashe na babban masallaci a Agustan 2023, masu makokinsu suna raye. Ba kayan ƙawata labari ba ne.

Mataki na 9: Warware a inda garin ke warware al'amura

Ba lallai a ƙare a kotu ko a ga ankwa ba. Yawancin irin wannan magana a zaure take mutuwa, gaban liman ko mai unguwa ko babban gida, bayan an sallami yara. A misalinmu jikar ta san gaskiya, ta kuma san hukunci: in ta yi shiru an ci haƙƙin sauran magada, an kuma haɗa gonar maraya cikin gado, in ta yi magana ta raba mutum mai furfura da sunan uban da ya sani. Ka kai ta ɗakin Iya da dare, ita da ita, ta fara da wasan jika, wasan ya ƙi ci. Abin da za ta zaɓa naka ne, amma mai karatu sai ya san gaskiya duka, ko da mutanen unguwa ba za su taɓa ji ba.

Idan ka gama, ka koma farko da jan biro. Duk inda ka siffanta gari, ka rubuta a gefe aikin da siffar ta yi: ta ɓoye, ta tona, ko ta jinkirta. Inda ka rasa abin rubutawa, ka yanke ko ka ba ta aiki. Sannan ka ba mutum biyu su karanta. Ɗaya haifaffen birni, zai fi kyau dattijuwa, ta gaya maka inda wani ya yi maganar da ba a yi wa babba, ko ya shiga inda ba a shiga. Ɗayan wanda bai taɓa zuwa Zariya ba, ka roƙe shi ya tsaya a tsakiyar littafin ya rubuta wanda yake zargi da dalilinsa. In tun a nan ya kama Iya, ka rage yawan wuraren da take kiran sunan. In kuma ya kai ƙarshe ya ce ba a nuna masa komai ba, ka ƙara wuri ɗaya a babi na biyu, a gaban baƙi masu gaisuwa.